Shekarar da Na Janye Ƙafata

Ku 'ya'yana, na san abin da kuka taso kuna ji a garin nan game da ni da Baffanku Sabi'u. An ce muku na ƙi shi saboda gonar fadama da mahaifinmu ya bari. An ce muku a cikin masallaci, a gaban jama'a, na nuna ina ƙyamarsa. Babu wanda ya taɓa tambayata a cikinku, don kuna da kunya. Ni ma ban taɓa zaunar da ku ba, don ban iya doguwar magana ba. Karatuna na boko bai wuce na yaƙi da jahilci ba, amma ya isa in rubuta wannan. Allah ne shaidata a kan abin da zan faɗa.

Ciwon baya ba labari ba ne a ƙasarmu. Duk wanda ya tashi da fartanya a hannu, yana ɗora wa jaki mangalar taki tun kafin gemu ya fito masa, to bayansa zai yi masa magana wata rana. Nawa ya daɗe da farawa, tun kafin a haifi ƙananan cikinku. Na san halinsa kamar yadda na san halin jakina. Nauyi ne, kamar an ɗaura mini dutse a ƙugu. In na yi huɗa ya tashi, in na kwanta ya kwanta. Innarku Talatu ta gasa mini da ruwan zafi, ta shafa man zafi, in haɗiye ƙwayar kemis, gobe in koma gona. Ni da Sabi'u a lokacin gandu ɗaya muke yi. Rumbu ɗaya, tukunya ɗaya, ƙofar gida ɗaya. Ni ne babba, shi ne mai ƙarfi. Ranar da bayana ya matsa, shi ke ƙarasa mini kunyar da nake huɗawa ba tare da ya ce komai ba.

Abin da ya zo mini a waccan shekarar, wajen girbin gero, wani abu ne daban, amma ban san daban ba ne. A ƙafar hagu ya fara. Ina tsaye sai in ji kiyashi suna tafiya a bayan ƙafata, in sunkuya in kakkaɓe, babu komai. Daga nan ya koma zafi, irin na barkono a kan yanka. Wani lokacin kuma sai abu ya tsarga mini daga ƙugu har ɗan yatsa, kamar ranar da na taɓa wayar janareta a shagon cajin waya. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, ba abu mai nauyi ke tayar da shi ba. Bakin wando in ya goga, ko gefen bargo, ko iska in ta kaɗa da sanyin safiya, shi ke nan wuta ta kama. Na daina sa takalmi. Na riƙa naɗe ƙafar wando ɗaya kamar mai shirin tsallake rafi. In an tambaye ni sai in ce bayan nan ne, don ba ni da wani sunan da zan ba shi. Kowa kuma ya ce sanyi ne. A garinmu duk ciwon da ba a gani da ido sanyi ne.

Aka kira Audu wanzami. Taubashina ne, ba ya raga mini ko a gidan makoki. Ya shimfiɗa zabirarsa a zaure, ya dube ni.

"Garba, tsakaninka da jakinka wa zai riga mutuwa? In kai ne, ka bar mini shi."

"Yi aikinka, Audu. Jakin ba ya son matsiyata."

Ya kafa mini ƙaho a baya, ya tsotse, ya tsattsaga, ya nuna mini baƙin jini a ƙoƙo ya ce ga ciwon nan ya fito. Sai ya ce bari ya sa ɗaya a ƙafar. Bai ma ɗauki aska ba, tafin hannunsa kawai ya ɗora a bayan ƙafata. Ban san lokacin da na yi harbi ba. Ƙoƙon ya kife, jinin ya zube a tabarma.

"Wannan ba ciwo ba ne, raki ne," in ji shi yana dariya. "Jariran da nake cire wa beli sun fi ka jarumta."

Da wasa ya faɗa. Amma kafin la'asar maganar ta kai majalisa, kuma ba da wasa ta isa ba.

Yanzu ga maganar masallaci. Tun muna yara, ni da Sabi'u wuri ɗaya muke tsayawa a sahu, shi a haguna. Ba wanda ya tsara haka, sabo ne. Baffanku mutum ne mai kiyaye sahu. Ba ya barin kafa tsakaninsa da na kusa da shi, sai ya haɗa ƙafa da ƙafa, kafaɗa da kafaɗa. Ranar da abin ya faru sallar la'asar ce, masallaci a cike don an dawo daga gona. Liman ya kabbara. Sabi'u ya matso da ƙafarsa yadda ya saba, ɗan yatsansa ya taɓa gefen tawa. Na ji kamar an ɗiga mini narkakkiyar dalma. Na janye. Shi kuma ya ga kafa ta buɗe, ya biyo ni don ya rufe. Na ƙara janyewa. Ya ƙara biyowa. Da ya sake taɓa ni, gumi ya keto mini, na ji in ban fita ba zan yi ihu a cikin salla. Na ratsa sahu na fice. Duk wanda ke bayanmu ya gani.

A ƙofar gida ya same ni bayan an sallame.

"Yaya, me na yi maka?"

"Ba ka yi mini komai ba. Ƙafar ce."

"Ƙafar da ka yini a tsaye a kanta kana ɗaurin gero?"

"Ita."

Ya dube ni, ya dubi ƙafar. Ba kumburi, ba miki, ba ko ja. Ya ce Allah ya sawwaƙe, ya shige ciki.

Da a nan abin ya tsaya, da ya wuce. Amma ba a daɗe ba muna dawowa daga cirar gyaɗa, ina gaba yana baya, a 'yar siririyar hanyar nan da ke ratsa gonakin mutane. Sai ya ce in tsaya. Ya ce yana ganin jini a sawuna tun daga gindin ɗorawa. Na ɗaga ƙafar. Ƙayar aduwa ce doguwa ta shige mini a tafin ƙafa, wajen diddige, ta kusa nutsewa. Ni ban ji shigarta ba. Ya tsuguna ya zare ta da hannunsa, ban ko motsa ba. Ya riƙe ƙayar yana kallonta.

"Wannan ta shiga ba ka ji ba," ya ce a hankali. "Amma ɗan yatsana ya ƙone ka."

Ni kaina ban gane ba. Ta yaya ƙafa ɗaya za ta kasa jin ƙaya, ta kuma kasa jure taɓawar mutum? In da wani ne ya ba ni labarin nan, da na ce ƙarya yake. Ban ga laifin Sabi'u ba a ranar, har yau ma ban gani ba.

Na nemi dabara. Na koma tsayawa a ƙarshen sahu, ƙafar hagu tana wajen bango, inda ba wanda zai taɓa ta. Ni a wurina magani na samu. A wurin mutane kuwa shaida ce ta fito: Garba ya canza wuri don kada ya tsaya kusa da ƙaninsa. Tunda mutane ba sa barin abu babu dalili, sai suka nemo masa dalili. Wani ya ce fadama ce. Wani ya ce na ga 'ya'yan Sabi'u maza sun tasa, ina tsoron su cinye gandu. Matan gida suka ji a bakin rijiya, suka shigo da shi tsakar gida.

Sai liman ya kira mu, da dattawa biyu, a zaurensa. Mutumin kirki ne, gyara ya nufa. Ya yi nasiha a kan zumunci har idona ya yi ruwa. Sannan ya ce kowa ya ce ya yafe wa ɗan'uwansa, a tashi. Sabi'u ya ce ya yafe mini duniya da lahira. Aka juyo gare ni.

"Malam, ni ba ni da abin da zan yafe. Bai yi mini komai ba. Ƙafata ce ke ciwo."

"Malam Garba, kalma ɗaya ce. Ka faɗe ta, Shaiɗan ya ji kunya."

"In na ce na yafe, na yarda ke nan akwai faɗa. Babu faɗa."

Ɗaya daga cikin dattawan ya kaɗa kai ya ce wa liman, "Ka gani ko? Har yanzu yana ƙafa."

Wannan ita ce shawarar da na yanke, kuma ita ta ci ni. Da na faɗi kalmar, da an tashi ana murna. Amma gobe da asuba za a sa ido a ga na koma kusa da Sabi'u, zai haɗa ƙafarsa da tawa, zan janye, a ce na yafe da baki ban yafe da zuciya ba. Na ga gara a kira ni mai taurin kai da a kira ni munafuki. Sabi'u ya tashi ya sa takalminsa, bai jira addu'a ba.

Da rani ya shigo aka raba gandu. Mai unguwa ya zo da igiya, aka auna, aka dasa gamba a tsakiyar gonar da mahaifinmu ya yi shekaru yana zuba wa taki. Fadamar da ake cewa saboda ita nake gaba, na ce a ba shi duka. Aka ce borin kunya ne. Aka ja katanga a tsakar gida, aka fasa masa tasa ƙofar. Kafin ruwan fari ya sauka ya ba da gonakinsa aro, ya kwashe iyalinsa ya koma unguwar Bacirawa a Kano yana sayar da hatsi.

Ba na son in tsawaita a kan wannan lokacin. Kun ga wani abu da idonku, amma kuna yara. Na daina zama a majalisa, don in na iso hira takan canza. Ciyayyar da muke yi da maƙwabta a ƙofar gida, kowa ya fito da kwanonsa, na daina fita. A zaure nake cin tuwona, ni da kaji. Ina jin kiran salla, in je in tsaya jikin bango, a sallame in fita kafin a fara gaisawa. Ƙwayar kemis kuwa na riƙa sha safe da yamma. Tana taɓa bayan, amma ƙafar ko gezau. Sai in ƙara. Wata rana Innarku ta kawo mini ruwan alwala, ta tsaya ba ta tafi ba.

"Malam, tsakaninka da Allah, ciwon nan yana nan yadda kake faɗa?"

"Ke ma?"

"Ni ban ce komai ba. Mata ne ke tambayata, ban san me zan ce musu ba."

Shekara da shekaru muna tare, ita ke gasa mini baya. Ranar na san ni kaɗai na rage.

Ba ƙafar ce ta kai ni asibiti ba, ciki ne. Ƙwayoyin nan suka ƙona mini ciki har na fara amai. Tsakiyar damina aka sa ni a mota daga Ɗanbatta zuwa wani babban asibiti a Kano. Likitan da na samu ba babba ba ne, yana da ɗan sanƙo da hausar birni. Ya gama da maganar ciki, ya tambaye ni me nake sha wa ƙwaya haka. Na ce ciwon baya.

"Shi kaɗai, Baba?"

"Da ƙafa. Amma duk ɗaya ne."

"Wa ya ce ɗaya ne? Na bayan yaya yake yi?"

Na ce nauyi. Ya ce na ƙafar fa? Na kau da kai, don na gaji da ba da labarin da ake yi mini dariya a kansa. Sai shi ya fara faɗa. Ya ce yana yi kamar ƙuna? Yana yi kamar ƙwari na tafiya? Yana tsargawa kamar lantarki? Tufa in ta taɓa wurin yana tashi? Akwai inda ya mutu, ba ya jin komai? Ina cewa e, ina kallonsa. Na zaci wani ya riga ni shiga ya ba shi labarina. Ya tambayi abin da ciwon ya hana ni yi. Na ce barci, da takalmi, da sahu. Ya ɗago kai a kan na ƙarshen.

Ya ce in hau gado in miƙe ƙafa. Ya ɗauko 'yar auduga da wani tsinke mai tsini. Na ce masa, "Likita, auduga muna da ita a gida, ba sai na hau mota ba." Ya yi dariya ya ce in rufe ido, in gaya masa duk abin da na ji. Ya fara da ƙafar dama. Auduga, na ce auduga. Tsini, na ce tsini. Ya koma ta hagu. Ya shafa audugar a bayan ƙafar, na zabura har gadon ya yi ƙara. Ya ba ni haƙuri, ya jira na huce. Sai na ji shiru. Na ce ya ci gaba mana. Ya ce in buɗe ido. Tsinken yana dafe a tafin ƙafata, ya lotsa fatar, ni ban sani ba. Ya bi ƙafar yana taɓawa kaɗan-kaɗan yana tambaya, har ya gano inda jin ya tsaya da inda ya dawo. Ya ƙwanƙwasa mini gwiwa da bayan diddige da 'yar guduma. Ya ɗaga ƙafar a miƙe, abin ya tsarga. Ya sa aka duba jinina ko akwai ciwon suga, babu.

"Baba, ciwo biyu gare ka," ya ce. "Na baya na ƙashi da nama ne. Na ƙafa kuwa jijiyar da ke kai saƙon ji ce ta sami matsala, da alama daga bayan aka danne ta. Saƙon da ya kamata ta kai, ba ta kaiwa. Wanda ba a aike ta ba, shi take kaiwa. Maganin da kake sha ba nata ba ne."

"To mutum zai iya taka ƙaya bai ji ba, a taɓa shi da yatsa ya ji wuta?"

"A ƙafa ɗaya ma. Muna ganin haka."

"Ba ƙarya nake ba ke nan."

"Wa ya ce ƙarya kake?"

Na ce ba kowa. Na juya fuskata wajen bango na ɗan jima, shi kuma ya yi kamar yana neman wani abu a aljihun tebur.

Ya canza mini magani, ya ce ba zai warkar ba, zai rage, kuma sai a hankali. Ya ce in riƙa duba tafin ƙafata kullum da ido tunda ba za ta gaya mini ba. Haka ya kasance. Maganin yana sa ni jiri, wutar ta ragu, ba ta mutu ba. Har yau da nake rubutun nan ƙafar wandona a naɗe take.

Ranar da aka sallame ni ban wuce tasha ba. Na ce wa mai adaidaita ya kai ni Bacirawa. Na yi tambaya har na sami rumfar Sabi'u, yana auna wa wata mata dawa. Ya gan ni, ya gama awonsa tukuna, sannan ya shimfiɗa mini buhu. Muka gaisa kamar baƙi. Na ciro audugar da na roƙi likita, na ce ya ba ni allurar da yake ɗinke buhu da ita. Na miƙe ƙafa.

"Soka nan."

"Yaya, mutane na kallo."

"A gaban mutane aka fara. Soka."

Na rufe ido. Na jira. Da na buɗe, ya riga ya soka har jini ya ɗan tsatso, yana kallon fuskata. Na miƙa masa audugar na nuna masa bayan ƙafar. Ya shafa sau ɗaya, a hankali, kamar mai share wa jariri ido. Ƙafar ta yi tsalle da kanta ta buge tiya, dawa ta watse. Gumi ya jiƙa mini riga. Na gaya masa abin da likita ya ce, yadda na iya.

Ya sunkuya. Yana ta tsince dawar daga ƙasa ƙwara-ƙwara.

"Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Na faɗa, Sabi'u."

"Haka ne, ka faɗa," ya ce.

Ya yarda. Wannan nake so ku sani, Baffanku ya yarda tun ranar. Ya saya mini fura, ya raka ni har mota, ya ce zai riƙa zuwa. Amma 'ya'yansa sun shiga makaranta a can, gonakinsa suna hannun wasu, ƙofarsa ta nan an sa mata kwaɗo. Yana zuwa da salla, ya yini, ya koma. Mutanen gari kuwa ba wanda ya je Bacirawa ya ga abin da ya faru a rumfar, kuma na gaji da yawo da auduga a aljihu. Sun riƙe labarinsu. Shi kuka ji.

Ga abin da nake so ku yi. Ku riƙa zuwa gaishe shi, ba sai da dalili ba. In wani a cikinku ko cikin 'ya'yanku ya ce wani wuri na yi masa ciwo, ko ba ku ga komai ba, ku tambaye shi yaya ciwon yake yi, ku saurara har ya gama. Ranar da Allah ya karɓi raina kuma, kada ku yi gaggawar kiran kowa. Ku aika Bacirawa, ku jira shi ko zai kai la'asar. Sabi'u ne zai yi mini wanka. In ya zo kan ƙafar hagu kuka ga ya tsaya, ku ce masa na ce ya riƙe ta yadda ya ga dama. Ranar ba zan janye ba.